Ƙullutun dutse da tambayar yafiya: shin wanda ya yafe dole ne ya manta?

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Makon jiya bayan sallar La'asar wani dattijo mahaƙin rijiya ya tsayar da ni a ƙofar masallaci. Ya kwance wani tsumma, ya fito da dutse kewayayye kamar lemon zaƙi, an riga an fasa shi gida biyu. A tsakiyarsa ga 'yar ƙumba nan kwance, irin ta bakin kogi, da zanen bayanta tsaf kamar jiya aka ajiye ta. Ya ce, "Liman, a ƙasar Sakkwato na same shi, can cikin rijiya, gaba kusan goma. Dutsen nan ba shi da ƙofa ko ɗaya. To wa ya sa ƙumba a ciki?" Ya ce yaran aikinsa sun ƙi sake shiga rijiyar. Wasu sun ce asiri ne aka binne, wasu sun ce ajiyar aljanu ce.

Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Ba a sa ƙumbar cikin dutse ba. Dutsen ne ya tsiro a jikin ƙumbar."

Kwana biyu bayan haka wata baiwar Allah ta zo da wata tambaya daban. Mijinta ya rasu shekara tara da suka wuce, ƙanensa ya sayar da gonar marayu ya cinye kuɗin. Yanzu manyan gida sun taru sun ce a yi sulhu, ta yafe ta manta. Ta ce, "Malam, yafewa zan iya ƙoƙartawa. Amma mantuwa ba a hannuna take ba. Duk sanda na gan shi sai abin ya dawo sabo. Ina da laifi wurin Allah?"

Tun ranar nake juya tambayoyin nan biyu a raina, na dattijon da ta matar, har na ga ɗaya tana taimakawa wajen fahimtar ɗayar. Ku ba ni aron hankalinku, rubutun yana da ɗan tsawo.

YADDA DUTSE KE ƘULLUWA A JIKIN GAWA

Mu fara da dutsen Baba. Masana ilimin ƙasa sun tabbatar cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, teku ya malalo ya rufe yankin da yau muke kira Sakkwato da Tawa. Dutsen farar ƙasa da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti, ragowar halittun wannan tekun ne. A wajajen Dange da Shuni kuma, da kewayen Tawa a Nijar, ana tsintar dunƙule-dunƙulen fosfat a cikin tsohuwar lakar da ta daskare, irin sinadarin da ake yin takin zamani da shi. Saboda haka ganin ƙumba a gaba goma ƙarƙashin ƙasar Sakkwato ba abin tsoro ba ne. Gidanta ne tun asali.

Abin da ke faruwa shi ne: wata halitta ta mutu, kifi ko ƙumba ko kaguwa ko ganye, ta nutse cikin laka, laka ta binne ta. Lakar nan jiƙe take, akwai ruwa a tsakanin ƙwayoyinta, kuma ruwan yana ɗauke da narkakkun sinadarai kamar kalsiyam da ƙarfe. Sai ƙananan halittun nan da ido ba ya gani, bakteriya, su hau cin naman gawar. Ruɓewar tana sakin kabon, yana tsiyaya daga gawar zuwa kowane ɓangare, kamar yadda ɗigon manja ke bazuwa a jikin farin ƙyalle. Inda kabon ɗin ya haɗu da kalsiyam na ruwan, sai su daskare su zama kalsayit, wato dai sinadarin dutsen farar ƙasa. Wannan kalsayit shi ke cike 'yan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin laka, ya liƙe su kamar siminti. Tun da tsiyayar tana tafiya daidai ta kowane gefe, abin sai ya fito kewayayye. In kuma gawar doguwa ce, ƙullutun ma ya fito dogo. Shi ne nake kira ƙullutun dutse.

Kun san farin abin nan da ke taruwa a gindin butar shayi in ana dafa ruwan rijiya mai zartsi? To ɗan'uwansa ne. Ruwa ya ɗauko, ruwa ya ajiye. Ita ma jar tsakuwar marmara da muke zubawa a hanya, mai kama da gujiya, ƙarfe ne ya taru ya ƙulle a cikin ƙasa saboda jiƙewar damina da bushewar rani, shekara bayan shekara. Har a duniyar Mars, a shekarar 2004, motar binciken nan Opportunity ta ɗauko hoton 'yan ƙananan ƙwallayen ƙarfe birjik a ƙasa, kuma masana suka ɗauke su hujja cewa ruwa ya taɓa ratsa duwatsun wurin.

Magabatanmu ma sun lura da irin wannan. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ba da labari a sashen ma'adinai na Kitabus Shifa cewa yana yaro ya ga wata laka a bakin kogin Jaihun wadda mutane ke wanke kai da ita, da ya dawo bayan kimanin shekara 23 ya tarar ta zama dutse mai taushi. Da idonsa ya gani, bai ce aljanu ba ne.

Abubuwa uku nake so ku riƙe game da ƙullutu.

Na farko, da wuri yake ƙulluwa. An daɗe ana zaton sai an yi dubban ɗaruruwan shekaru. Amma wani masani ɗan Japan, Hidekazu Yoshida na Jami'ar Nagoya, shi da abokan aikinsa sun wallafa bincike a 2015 da 2018 da ya nuna cewa ƙananan ƙullutai cikin makonni ko watanni suke haɗuwa, manya kuma cikin 'yan shekaru. Wato tun gawar ba ta gama ruɓewa ba an riga an rufe ta.

Na biyu, girmansa gwargwadon gawar ne. In kabon ɗin da ke jikin mataccen ya ƙare, ƙullutu ya daina girma. Ba shi da wani abincin.

Na uku, ƙullutu ma'aji ne. Lakar da ke kewaye, nauyin ƙasa yana danne ta, duk abin da ke cikinta ya baje ya zama kamar takarda, ko ya narke ya ɓace. Wanda ke cikin ƙullutu kuwa yana nan da siffarsa. A wani wuri da ake kira Mazon Creek a jihar Illinois ta Amurka, ana samun ƙullutan ƙarfe masu shekara fiye da miliyan 300, a cikinsu ga ganyaye da jijiyoyinsu, ga tsutsotsi, ga jatan lande. Akwai wata halitta mai laushin jiki da wani mutum mai suna Francis Tully ya tsinta a can a shekarun 1950, wadda ba don ƙullutu ya rufe ta ba da babu wanda zai san an taɓa yin irinta a duniya.

ƘULLUTU DA ƘULLACI

Bahaushe ya riga ya gama magana da ya kira abin da ke zuciyar wanda aka zalunta "ƙullaci". Ya ƙullace shi. Wani abu ya mutu a tsakaninsu, amana ce ko zumunci ko mutunci, zuciya ta binne shi, ta yi masa siminti.

Ban ce dutse hujja ne a shari'a ba, kada wani ya fahimce ni a karkace. Dutse ba shi da zaɓi, mutum yana da shi. Misali ne kawai, kuma Alƙur'ani da kansa, a aya ta 74 cikin Suratul Baƙara, ya kwatanta ƙeƙasassun zukata da duwatsu, sannan ya tunatar cewa a cikin duwatsun ma akwai masu tsagewa ruwa ya fito.

To mu gwada misalin. Ƙullaci shi ma da wuri yake kamawa. Ba a shekara ta tara matar nan ta ƙullaci ƙanen mijinta ba, a watannin farko ne, lokacin da take jiran wani babba ya buɗe baki ya ce "wannan ba daidai ba ne", kowa ya yi shiru. A nan nake ganin hikimar hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya iyakance ƙaurace wa ɗan'uwa Musulmi da kwana uku. An ba zuciya damar ta huce, amma an hana a bar lakar ta daskare. Mu kuwa al'adarmu ita ce "a bari ƙura ta lafa". Sai a bari shekara biyar, sannan a zo da goro ana neman sulhu, bayan siminti ya riga ya kama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Amma a abu na biyu mutum ya sha bamban da dutse, kuma nan ne laifinmu yake. Ƙullutu yana tsayawa in gawar ta ƙare. Mu kuwa muna ƙara masa abinci. Kullum a maimaita labarin, a zaure, a gidan biki, a waya. A faɗa wa yaran da ba a ma haife su ba lokacin da abin ya faru. Laifin da girmansa bai wuce ƙumba ba, sai ka ga an gina masa dutsen da ya fi ɗaki. Na san gidaje biyu da jikoki ba sa gaisawa, in ka tambaye su asalin faɗan babu mai iya faɗa maka. Gawar ta daɗe da narkewa, ƙullutun ne kawai ake gado.

Sai abu na uku, wanda shi ne ya hana ni gaggawar ba matar nan amsar da manyan gidansu suke so. Ƙullutu yana adana gaskiya. Duk gidan sun manta girman gonar, sun manta nawa aka sayar, sun manta cewa yaron farko ya bar makaranta a shekarar saboda babu kuɗin jarrabawa. Nauyin shekaru ya danne labarin ya baje shi, ya koma "ɗan saɓanin da aka samu". A zuciyarta kaɗai abin yake da cikakkiyar siffarsa. In aka ce ta manta, wa ya ci riba? Wanda ya cinye gonar. Mu faɗa wa juna gaskiya, jama'a: a yawancin zaman sulhunmu, "a yi haƙuri" mai rauni ake faɗa wa. Ba a cika juyawa ga mai ƙarfi a ce "ka mayar" ba.

Ga matsalar ke nan. In ta riƙe, zuciyarta na zama dutse, ita ke kwana da ciwon, shi yana barcinsa. In ta manta, gaskiya ta mutu, haƙƙin marayu ya bi ruwa. Akwai hanya ta uku?

DUTSE MAI KOGO

Akwai wani irin dutse da ke kama da ƙullutu daga waje, kewayayye, mummuna, ba ka ce a tsinta ba. In ka ɗaga sai ka ji bai kai nauyin da ido ya ba shi ba. In aka fasa, ciki kogo ne, bangonsa a jere da ƙyalƙyalan duwatsu masu tsini, duk sun fuskanci tsakiya. Turawa na ce masa jiyod. Ni zan kira shi dutse mai kogo.

Ƙullutu daga tsakiya yake girma zuwa waje. Shi wannan daga bango yake girma zuwa ciki, kuma sai an fara samun rami tukuna.

Ramin yana samuwa ta hanya biyu. Ta farko a cikin narkakken dutsen da ƙasa ke amayarwa. Yayin da yake hucewa, iskar da ke cikinsa tana yin kumfa, dutsen ya daskare da kumfar a ciki, kamar ramukan da kuke gani in kun gutsuri burodi ko masa. A kudancin Brazil da arewacin Uruguay, kimanin shekara miliyan 134 da suka wuce, irin wannan narkakken dutse ya malala ya rufe ƙasa mai faɗin gaske. Daga baya ruwan ƙarƙashin ƙasa mai ɗauke da silika, sinadarin yashi da gilashi, ya riƙa tsatsafowa cikin ramukan. Da farko yana shafe bangon da aƙiƙ, dutsen nan da ake sa wa zobe, layi bisa layi. Sannan a kan aƙiƙ ɗin ƙyalƙyalan kwaz su tsiro, kowanne da gefe shida. In akwai ɗan ƙarfe a cikinsu, kuma tururin sinadaran da ke cikin dutsen ya daɗe yana ratsa su, sai su rine su zama shuɗi mai ja-ja kamar ruwan zoɓo da aka sirka da baba. Shi ne ametis, wanda Larabawa ke kira jamasht. Akwai gari guda a Brazil mai suna Ametista do Sul da ke rayuwa a kan haƙarsa, haka ma yankin Artigas a Uruguay. Wani da aka haƙo a Artigas tsayinsa ya haura mita 3, nauyinsa tan biyu da rabi.

Wasu ana fasa su a tarar da ragowar ruwan a ciki. Al-Biruni, mai littafin Al-Jamahir kan duwatsu masu daraja, tun a ƙarni na 11 ya kafa hujja da abin da ake gani a tsare cikin billauri cewa asalinsa ruwa-ruwa ne kafin ya daskare.

Girman ƙyalƙyalan yana bin natsuwar wurin. In abu ya daskare da gaggawa, ƙanana ne barkatai. In ruwa ya zauna shiru, zafi bai cika canzawa ba, ana ajiya kaɗan-kaɗan, sai su yi girma su yi haske. A 1999 an gano wani a cikin tsohon ramin haƙar ma'adinai a Pulpi, kudancin Sifen, tsawonsa mita 8, mutane na shiga ciki. Ƙyalƙyalansa na jipsam ne, abin nan da ake yin silin ɗin POP da shi, wasu sun kai mita 2, kuma garau kamar gilashi.

Hanya ta biyu ita ce ta tsayar da ni. A kewayen garin Keokuk, jihar Iowa ta Amurka, akwai duwatsu masu kogo da suka shahara har jihar ta ɗauki irinsu a matsayin dutsenta na alama a 1967. Suna cikin duwatsun tsohon teku masu kimanin shekara miliyan 340. Su waɗannan babu kumfar wuta a tarihinsu. Bayanin masana shi ne, asalinsu ƙullutai ne, curarru, babu rami ko kaɗan. Sai ruwa mai silika ya zo ya mayar da fatar waje ta zama ɓawo mai tauri. Sannan wani ruwan ya riƙa shiga a hankali yana narkar da abin da ke ciki yana fita da shi, har ya bar kogo. Bayan nan ne ƙyalƙyalai suka sami wurin tsirowa.

Ku lura da kyau. Siffar ƙullutun tana nan, girmansa yana nan, wurin da yake a cikin dutse bai gusa ba. Duk wanda ya gan shi ya san a nan wani abu ya taɓa ƙulluwa. Abin da ke ciki ne aka sauya.

AMSAR DA NA BA TA

Wannan ita ce fahimtata game da yafiya. Mantuwa ba sharaɗinta ba ce. Labarin yana nan da siffarsa, an san wa ya yi, an san me ya yi. Abin da ake narkarwa shi ne dafin da ke ciki: son ganin ya wulaƙanta, jin daɗi in masifa ta same shi, hana yara gaishe da yaransa, addu'ar sharri a sujada.

Kuma muna da abin koyi. Wahshi shi ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu. Da ya musulunta, Manzon Allah (SAW) ya karɓi musuluncinsa, bai ɗauki fansa ba, bai sa an taɓa shi ba. Amma kamar yadda ya zo a Bukhari, ya tambaye shi ko shi ne ya kashe Hamza, sannan ya nemi ya riƙa kau da fuskarsa daga gare shi. Mafi tsarkin zuciya a cikin halitta ke nan, bai ce ya manta ba, kuma bai ɓoye cewa ganin fuskar yana tayar masa da ciwo ba. To wane ne ni da zan ce wa matar nan tana da zunubi don gabanta na faɗuwa in ta ga wanda ya cinye gonar 'ya'yanta?

Na ce mata abu uku. Tunawa ba laifi ba ne, abin da za ki yi da tunawar shi ake tambayarki. Na biyu, abin da ke naki kina iya yafewa in kin so, kuma lada mai girma ne, amma rabon yaran ba naki ba ne balle ki yafe, nasu ne, sai an mayar musu ko su da kansu su yafe bayan sun mallaki hankalinsu. Na uku, ki daina ƙara wa ƙullutun abinci. Ki faɗi labarin inda zai yi amfani, gaban alƙali ko gaban masu sulhu, da adadi da shaidu. Ki daina faɗinsa da daddare ga yara.

Wani zai ce, "Malam, ai wannan rabin yafiya ce. Cikakkiya ita ce ka koma kamar babu abin da ya faru." Na ji, kuma akwai bayin Allah da aka ba wannan, musamman a ƙananan laifuka. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, ba kowace magana ake yi wa ƙullutu ba, yawancinsu kamata ya yi a bar su su narke a laka. Amma wanda ya ci amanar dukiya, yafe masa bai wajabta maka sake ba shi ajiya ba. Hadisi ya hana mumini bari a sare shi sau biyu a rami guda, kuma ba ya yiwuwa ka kiyaye ramin da ka manta inda yake.

Wani kuma zai ce, "In haka ne kowa sai ya riƙe abinsa ya ce ya yafe." Wannan haɗari ne na gaske. A hanyar da ta ratsa duwatsun Atlas a Maroko, masu talla na tare baƙi da duwatsu masu kogo, launinsu ja wur ko kore shar. Da yawansu rini ne aka zuba, wasu ma manna musu ƙyalƙyalan aka yi da gam. Sukan ba da kansu in aka goga jiƙaƙƙen tsumma launin ya biyo. Akwai "na yafe" irin wannan, wadda aka furta don kunyar manya, ko don a ce wane mai haƙuri ne. Gwajinta mai sauƙi ne. In ka ji labarin alheri ya same shi, me zuciyarka ta yi? In ɗansa ya zo neman taimako, za ka tuna laifin uban kafin ka duba buƙatar yaron? Kai kaɗai ka san amsar, sai Wanda Ya halicce ka.

GA MASU SHIGA TSAKANI

Kalma ɗaya ga iyayenmu da malamai masu sulhu. Masu tsintar ƙullutan Mazon Creek sun koyi cewa guduma takan farfasa abin da ke ciki. Dabararsu ita ce su jiƙa dutsen a ruwa, su sa shi ya daskare da sanyi, su bari ya narke, su sake, wani lokaci sau da yawa ƙwarai. Ruwan yana shiga 'yan tsagogin da ido ba ya gani, in ya zama ƙanƙara ya kumbura ya ɗan buɗa su. Rana ɗaya dutsen ya rabe da kansa, kuma yakan rabe ne daidai kan abin da ke binne, don nan ne mafi rauninsa.

Zaman sulhu na yini guda, da taron dattawa goma a kan mace ɗaya, ana ce mata "ki yafe yanzu a tashi", guduma ce. Za ta ce ta yafe, ku shafa fatiha ku watse, ku bar ta da ɓaraguzai. Aikin yana son zuwa da dawowa. Yana son a fara da wanda ya yi laifin, ya ambaci abin da ya yi da sunansa, ya mayar da abin da zai iya mayarwa. Ba a taɓa samun kogo ya cika da haske a dare ɗaya ba, kuma mun ga dalili: abin da aka gaggauta ƙanana yake haifarwa.

Wanda kuma yake jin zuciyarsa ta riga ta gama ƙeƙashewa, kada ya yanke ƙauna. A gaɓar tekun Moeraki a New Zealand akwai ƙullutai manya, wasu faɗinsu ya kai mita 2. Cikinsu duk a tsattsage yake, kuma a cikin tsagogin nan ne ruwa ya shiga ya jera ƙyalƙyalan kalsayit ruwan zuma da ruwan ɗorawa. Rashin lafiya, mutuwar wani a dangi, zuwan azumi, yaro da ya tambaye ka "Baba, me ya sa ba ma zuwa gidan su wane?", duk tsagogi ne. Kada ka yi saurin liƙe su.

Shi dai Baba mahaƙi ya koma ya lallashi yaransa sun ƙarasa rijiyar, sun sami ruwa. Ya bar mini rabin dutsen, yana nan kan kantar littattafaina. Ita kuma baiwar Allah, an sa ranar da za a zauna da ƙanen mijin, kuma na gaya wa manyan gidan cewa zancen gona za a fara yi kafin zancen haƙuri. Ban san yadda za ta kaya ba. Ku sa su a addu'a.

Kai kuma ɗan'uwa, ke kuma 'yar'uwa, kafin ku kwanta yau ku duba: me ke tsakiyar ƙullutun da kuke ɗauke da shi, kuma yaushe rabon da ku ƙara masa abinci?

Allah Ya tausasa zukatanmu, Ya mayar wa kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, Ya yafe mana kurakuranmu. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.